Mai Binciken Tsutsa da Sandar Awo

Da yawa daga cikinmu mun san sandar nan. Sau ɗaya a shekara wani ɗan gari ya kan zo da ita ƙofar gida, doguwa ce, an shafa mata fenti kashi kashi. Ya kan sa kowa ya tsaya a jikinta, ya duba inda kansa ya kai, sa'an nan ya ƙirga masa 'yan ƙwayoyi farare, ɗaya ko biyu, ko uku ko huɗu, gwargwadon tsawon mutum. Ba a biyan ko kwabo. Sunan da ke jikin gwangwanin shi ne Mectizan, likitoci kuwa suna kiran maganin aibamektin. Waɗansu su kan haɗiye nan take, waɗansu su ce a bari sai sun ci abinci, waɗansu kuma su ce, ai lafiyarmu ƙalau, me za mu yi da magani?

A wannan wata ina so in ba ku labarin mutumin da ya yi shekara 33 yana binciken tsutsotsi a ɗakin gwaji, wanda aikinsa da na abokansa ya kawo ƙwayar nan ƙofarmu. Sunansa William Campbell. Idan kun ji yawan shekarun da aka ɗauka, da yawan hannuwan da suka taɓa aikin, za ku gane abin da ya sa bai kamata a mayar da mai sanda hannu wofi ba.

Bari mu fara da cutar kanta, watau makantar kogi. Wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda ne ke yaɗa ta. Ya kan yi ƙwai a ruwa mai gudu da ƙarfi, inda kogi ke bi ta kan duwatsu, da rana kuma ya ke cizo. Idan ya ciji mai cutar ya kan kwashi 'ya'yan tsutsa, su yi 'yan kwanaki a cikinsa suna girma, sa'an nan ya zuba su a jikin wani. A can su ke zama manya, su dunƙule a ƙarƙashin fata su yi ƙullutu, yawanci a kwatangwalo ko haƙarƙari. Macen ta kan kai tsawon kamu ɗaya, siririya kamar zare. Ta kan rayu shekara 10 zuwa 15, kowace rana kuwa tana iya haihuwar 'ya'ya wajen 1,000. 'Ya'yan nan ne masu ɓarna. Su kan bazu cikin fata, su kawo ƙaiƙayin da ke hana barci, har mutum ya riƙa sosa jiki da dutse ko tsinke. Fata ta yi kauri, ta tsufa tun mai ita bai tsufa ba, ƙwauri ya yi dabbare-dabbare. Waɗansu su kan shiga ido, idan suka mutu a ciki sai ido ya yi ta kumburi, gani ya yi ta raguwa har ya ɗauke.

Tsofaffinmu na kwarin kogin Hawal, da na Taraba, da na kudancin Kaduna sun san wannan sarai. Sun ga magidanta masu ƙarfi suna riƙe da bakin sanda, yaro yana ja musu gora. Sun ga garuruwan da suka bar fadama mai albarka suka koma kan tudu mai tsakuwa domin gudun makanta. Maganin da a ke da shi a dā iri biyu ne, dukansu kuwa masu wuya. Ɗaya ƙwaya ce mai kashe 'ya'yan tsutsa farat ɗaya, har jiki ya rikice, wani lokaci idon ya ƙara lalacewa. Ɗayan allura ce ta jijiya mai dafi ƙwarai, wadda ba a iya yi sai a asibiti. Domin haka a 1974 aka fara babban aikin fesa magani a koguna da jirgin sama, domin a kashe 'ya'yan ƙudan a cikin ruwa. An fara da ƙasashe 7 na Afirka ta Yamma, har da Nijar da Gana. Aikin ya yi amfani sosai, amma yana cin kuɗi, bai kuwa kai ko'ina ba.

To, shi Campbell ba a bakin irin waɗannan koguna ya tashi ba. An haife shi a 1930, ya yi girma a wani ɗan gari mai suna Ramelton a arewacin tsibirin Ayalan, ƙasar ruwan sama da tumaki. Mahaifinsa mai kanti ne, yana sayar wa manoma kayan aiki. Shi da kansa ya ba da labari cewa yana ɗan makaranta aka kai su kallon bajekolin amfanin gona, ya dawo da wata 'yar takardar talla a kan maganin tsutsar hanta, wata tsutsa mai faɗi kamar ganye da ke lalata hantar tumaki da shanu. Mahauta sun san ta. Abin da yawancin yara za su yar a hanya, shi ya tsaya ya karanta.

Da ya shiga Kwalejin Trinity a birnin Dublin ya karanta ilimin dabbobi, ya gama a 1952. A can ya gamu da malamin da ya juya masa hanya, Desmond Smyth, gwani a kan tsutsotsin da ke zaune cikin jikin mutum da dabba. Malamin nan ya nuna wa ɗalibinsa cewa halittun da kowa ke ƙyama suna da tasu rayuwa mai ban mamaki, wadda ta isa mutum ya ba ta dukan shekarunsa na aiki. Shi ne kuma ya ƙarfafa shi ya tafi Amurka ƙarin karatu. A Jami'ar Wisconsin Campbell ya yi bincike a kan wata babbar tsutsar hanta ta barewar ƙasar, wadda ke kashe tumaki idan ta shiga jikinsu. Ya sami digirinsa na dakta a 1957. A shekarar nan ya kama aiki a sashen bincike na kamfanin magunguna na Merck, a jihar New Jersey, bai bar wurin ba sai 1990.

Aikin irin wannan wuri ba shi da daɗin ba da labari. A kan sa wa ɓera ko tunkiya tsutsa da gangan, a ba ta wani sinadari, a jira kwanaki, sa'an nan a duba kashinta da hanjinta a ga ko tsutsar ta mutu. Yawanci ba ta mutu ba. Sai a rubuta, a ɗauko wani sinadarin. Haka a ke yi ɗari bisa ɗari, dubu bisa dubu. Daga cikin irin wannan gwaji ne ƙungiyar da Campbell ke ciki ta fito da wani maganin tsutsar cikin dabbobi a 1961, wanda makiyaya a ƙasashe da yawa suka amfana da shi. Shi kuma ya zama gwani a kan wata tsutsa da mutum ke ɗauka idan ya ci naman alade da bai dahu sosai ba, wadda ke shiga cikin tsoka ta kawo zazzaɓi da ciwon jiki. A 1983 ya shirya babban littafi a kanta tare da waɗansu masana. Gidan da a ke cin wannan nama, a dafa shi ya dahu har ciki.

Yanzu sai mu ƙetare zuwa Japan, gama rabin labarin a can ya ke. Akwai wani masani mai suna Satoshi Omura, wanda aka haifa a 1935. Shi ma ya taɓa koyarwa, a makarantar dare ta birnin Tokyo, inda ɗalibansa ke zuwa aji bayan sun wuni aiki a masana'antu. Ƙwazonsu ya sa shi ma ya koma karatu. Gwanintarsa ita ce renon ƙananan halittun da ke zaune cikin ƙasa, waɗanda ido ba ya gani. Waɗannan halittu su kan fitar da sinadarai domin su kare kansu, daga cikinsu kuwa aka sami magunguna da yawa. Omura ya kan yi yawo da 'yan ledoji, duk inda ya ga ƙasar da ta ja hankalinsa ya ɗiba. A 1973 cibiyarsa ta Kitasato ta yi yarjejeniya da Merck: shi zai reni halittun ya zaɓi masu alama, su kuma su gwada su. Daga cikin dubbai ya zaɓi kimanin 50 ya aika. Ɗaya daga cikinsu ta fito ne daga ƙasar da aka ɗiba kusa da wani filin wasan golf a yankin Shizuoka.

A 1975 aka gauraya ruwan da aka reni wannan halitta a ciki da abincin wani ɓera mai tsutsa. Bayan 'yan kwanaki aka duba, ba tsutsa ko ɗaya. Aka sake gwadawa, aka rage yawan maganin, aka ƙara ragewa, har yanzu yana aiki. Ba su taɓa ganin abu kaɗan haka mai ƙarfi haka ba. Masu ilimin haɗa sinadarai suka tace shi, suka raɗa masa suna mai ma'anar "babu tsutsa", sa'an nan suka ɗan gyara gininsa domin ya fi aminci. Gyararren shi ne aibamektin. Yadda ya ke aiki kuwa shi ne, ya kan kama wata 'yar ƙofa a jijiya da tsokar tsutsa ya bar ta a buɗe, sai tsutsar ta shanye, ba motsi, ba ci. Mutum da saniya ba su da irin wannan ƙofa, ƙwaƙwalwarsu kuma tana da shingen da ke tsare ta muddin ba a wuce ƙima ba. A 1981 aka fara sayar da shi domin dabbobi. Masu kiwo sun san shi da sunan Ivomec, yana kashe tsutsar ciki da ƙwarƙwata da ƙazuwar dabba.

Da a nan labarin ya tsaya, da maganin shanu ne kawai. Amma sa'ad da a ke gwada shi a kan dawaki, aka lura ya kashe 'ya'yan wata tsutsa da ke zaune cikin fatar wuyan doki. Tsutsa ce marar muhimmanci, ba ta cika damun dokin ba, ba kuma wanda zai sayi magani dominta. Amma Campbell ya san dangin tsutsotsi kamar yadda tsohuwa ta san dangin gidansu. Ya gane cewa wannan 'yar'uwa ce ta kusa ga tsutsar makantar kogi. Wajen ƙarshen shekarun 1970 ya rubuta wa shugabanninsa takarda, ya ce ya kamata a gwada maganin domin mutane. Ku lura, masu karatu: ɓeran da dokin kowa a ɗakin gwajin ya gan su. Abin da ya haɗa wuyan doki da idon manomi a bakin kogi shi ne ilimin da mutumin ya tara tun daga ajin Malam Smyth, fiye da shekara 25 kafin ranar.

Shawarar ba mai sauƙi ba ce ga kamfani. Masu cutar matalauta ne, ba za su iya saye ba. Idan kuma maganin ya cuci mutum ɗaya, sunansa zai ɓaci har a kasuwar dabbobi. Duk da haka shugaban sashen bincike, Roy Vagelos, ya yarda a ci gaba. Wani likita ɗan asalin Bangaladash, Mohammed Aziz, wanda ya taɓa aiki a Afirka ya ga cutar da idonsa, shi ya ɗauki nauyin gwaji a kan mutane. Ya fara a birnin Dakar na Senegal a 1981 da mutum 32, da ƙima 'yar kaɗan, yana ƙarawa a hankali. Sha ɗaya ya rage 'ya'yan tsutsa a fata ƙwarai, har na watanni, ba tare da irin wahalar tsohon magani ba. Aka yi ta ƙarin gwaji a waɗansu ƙasashe. A 1987 hukumar magunguna ta Faransa ta amince da shi. Aka nemi gwamnati ko ƙungiyar da za ta biya kuɗinsa, ba a samu ba. Ranar 21 ga Oktoba 1987 Vagelos, wanda ya riga ya zama shugaban kamfanin duka, ya yi shelar cewa za su ba da maganin kyauta ga duk mai bukata, har ranar da bukatar ta ƙare. Likita Aziz ya rasu a shekarar nan, bai ga yawan amfanin aikinsa ba.

Daga nan aikin ya shiga hannun masana na Afirka. A jihar Kaduna, Farfesa Adenike Abiose, likitar ido, da abokan aikinta suka bi mutanen ƙauyuka shekara da shekaru, suka buga sakamakon a 1993. Sun nuna cewa shan maganin sau ɗaya a shekara yana rage lalacewar jijiyar gani. Waɗansu masu bincike kuma suka gano cewa rabon ya fi tafiya daidai idan mutanen gari da kansu suka zaɓi mai rabawa da ranar rabo. A kan wannan aka kafa shirin yaƙi da cutar na Afirka a 1995, wanda Nijeriya da Kamaru da Cadi da Sudan ke ciki, ya yi aiki har 2015. Da ya ke babu sikeli a kowane ƙauye, sai aka koma auna tsawo maimakon nauyi. Asalin sandar ke nan. A 1998 aka faɗaɗa kyautar domin yaƙi da tundurmi, inda a ke haɗa aibamektin da wata ƙwayar.

Ga abin da ya biyo baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da ƙarewar cutar a Kolombiya a 2013, Ekwado a 2014, Meziko a 2015, Guwatamala a 2016. A 2018 aka daina rabon maganin makantar kogi a jihohin Filato da Nasarawa, domin bincike ya nuna ƙuda ya daina yaɗa ta a can. A watan Janairu 2025 Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da hukumar ta tabbatar ta rabu da cutar, bayan feshin koguna da rabon ƙwaya na shekaru masu yawa.

Shi Campbell, da ya bar kamfani a 1990, bai koma gida ya zauna ba. Ya tafi Jami'ar Drew, wata ƙaramar jami'a a New Jersey, yana koya wa 'yan shekarun farko yadda a ke bincike, yana zama da su a gaban madubin ƙara girma kamar yadda aka zauna da shi. Ya shirya littafi a kan aibamektin a 1989, ya yi rubuce-rubuce a kan tarihin fanninsa domin kada a manta da na gaba. Ya kan kuma zana hotunan tsutsotsi da fenti, ya rubuta waƙoƙi a kansu, gama shi bai ɗauke su abin ƙyama ba. A 2015, yana da shekara 85, aka ba shi lambar yabo ta Nobel tare da Omura, da wata masaniya 'yar Sin, Tu Youyou, wadda ta gano maganin zazzaɓin cizon sauro daga wani ganye. A jawabansa ya yi ta nanata cewa aikin na taron jama'a ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, mene ne namu a ciki? Abu na farko, a gane iyakar maganin. Aibamektin yana kashe 'ya'yan tsutsa, yana kuma hana uwar haihuwa na waɗansu watanni, amma ba ya kashe uwar. Tana nan cikin ƙullutu, za ta farfaɗo. Domin haka ne a ke sha kowace shekara, shekara 12 zuwa 15 ko fiye, har uwayen su tsufa su mutu. Mutumin da ya sha shekara 3, ƙaiƙayi ya tafi, ya ce ya warke, ya yaudari kansa. Wanda kuma ya ce ba ya jin komai, yana iya ɗauke da 'ya'yan tsutsa a fatarsa, ƙuda ya kwasa ya kai wa ɗan maƙwabci. Gida ɗaya da ya ƙi sha yana ja wa dukan gari ƙarin shekaru. Idan ranar rabo ta same ku a gona ko a kasuwa, ku nemi mai rabon da kun dawo. Ba mai gida ne zai ce an gama ba, ma'aikatan lafiya ne, bayan sun gwada jinin yara da ƙudajen bakin kogi.

Na biyu, a bi ƙa'ida. Ba a ba yaron da bai kai santimita 90 ba, ko mace mai ciki, ko mai jegon da ba ta cika mako ɗaya ba, ko mai ciwo mai tsanani. Ɗan ƙaiƙayi ko kumburi ko zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu ya kan biyo bayan sha, musamman karon farko, alama ce 'ya'yan tsutsa suna mutuwa. Idan ya yi tsanani a tafi asibiti. 'Yan'uwanmu na yankunan kurmi a Kamaru su ƙara kula, gama akwai wata tsutsa dabam a can mai ratsa farin ido. Wanda ta yi yawa a jininsa, maganin na iya taɓa masa ƙwaƙwalwa, domin haka a irin waɗannan wurare a kan bi ta hannun ma'aikatan lafiya.

Na uku, maganin shanu na shanu ne. An haɗa shi bisa ga nauyin sa da doki, kada kowa ya sha ko ya yi wa kansa allurarsa. A shekarun annobar korona mutane a ƙasashe da yawa sun yi ta shan aibamektin, waɗansu har na dabbobi, suka kwanta asibiti. Tun a 2020 Campbell ya ja kunne cewa abin da ya kashe ƙwayar cuta a kwalbar gwaji ba lalle ya yi aiki a jikin mutum ba. Manyan gwaje-gwajen da aka yi daga baya ba su ga amfaninsa ga korona ba. Mutumin da ya fi kowa dalilin yabon maganin shi ne ya ce a dakata a gwada tukuna.

Na ƙarshe ga iyaye da malamai ne. A kowane aji akwai yaron da ke tsugunawa yana kallon tururuwa, ko yarinyar da ke tambayar abin da ke motsi cikin ruwan tulu. Mu kan ce musu, tashi daga nan, ƙazanta ce. A wanke hannu kam, dole ne. Amma a amsa tambayar, in kuwa ba a san amsar ba, a ce zo mu duba tare. Tsargiya tana nan a tafkunanmu, tsutsar ciki tana nan a cikin 'ya'yanmu, har yanzu kuma a kan nemi magani mai sauƙi da zai kashe uwar tsutsar makanta. Waɗanda za su yi wannan aiki suna zaune a benci a yau, wataƙila a ƙauyen da mai sanda zai zo bana. Idan ya zo, ku tara iyali duka, ku sa yaran su ga yadda a ke awon, ku gaya musu labarin ɓeran da dokin.

Sai wata mai zuwa.